Mako guda a jirgin ruwa a mashigin Chesapeake: wane gari za a je, wanne za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu muna zaune a jihar Maryland ta Amurka. Na yi kwas na tuƙin jirgin ruwa, kuma na sha fita yini guda in dawo. Bana muna so mu yi hayar jirgi mai filafilai da inji daga Annapolis, mu yi mako guda a mashigin Chesapeake. Tsawon jirgin ƙafa 34, gindinsa kuma yana nutsewa ƙafa 5 cikin ruwa. Na rubuta garuruwa takwas: Havre de Grace, Chestertown, St. Michaels, Oxford, Solomons, Tangier, Onancock da Cape Charles. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Garuruwan da ka lissafa duk sun cancanci ziyara, babu na yarwa a cikinsu. Amma wannan jeri na mai mota ne. Wanda zai je ta ruwa, jirginsa da iska da zurfin ruwa su ke fara yin zaɓe, sai abin da suka rage masa ya zaɓa a ciki.

Mu fara da lissafi. Jirgi irin naka, ko da iska ko da inji, ka ɗauka yana cin mil 5 na ruwa a awa guda, kuma mil na ruwa kilomita 1.852 ne. Wani lokaci zai yi 6, amma kada ka gina shirinka a kan haka. Da yara a ciki, awa huɗu zuwa biyar a rana ita ce iyakar tafiyar da za a yi kowa ya sauka da fara'a. Ka ga mil 20 zuwa 25 ke nan. Cikin kwana bakwai, ka ware ɗaya saboda ranar da yanayi zai hana fita, ka ware ɗaya saboda garin da zai yi muku daɗi ku ƙi tashi. Saura biyar. Ke nan abin da ke hannunka bai wuce mil 100 zuwa 125 ba, zuwa da dawowa. Shi kuwa mashigin, daga Havre de Grace a can arewa inda kogin Susquehanna ke zubowa har zuwa bakin teku a jihar Virginia, kimanin kilomita 320 ne. Cape Charles kaɗai ya haura mil 100 na ruwa daga Annapolis, zuwa kawai. Tangier ya haura 70. Jerin naka ya taɓa kan mashigin ya taɓa wutsiyarsa, aikin wata guda ne.

Akwai kuma abin da taswirar mota ba ta nunawa. Yawancin tsofaffin garuruwan nan ba a gaɓar mashigin suke ba, suna can cikin koguna da lungunan ruwa, inda jiragen da suka kafa su ke samun mafaka. Chestertown, wanda aka kafa a 1706, gari ne mai kyan gaske, da gine-ginen jan bulo da kwalejin Washington da ke nan tun 1782. Sai dai kafin ka kai shi za ka bi kogin Chester mai lanƙwashe-lanƙwashe sama da mil 20, kuma ta nan za ka dawo. Kwana biyu daga cikin biyar ɗinka sun tafi a kan gari ɗaya. Ba asara ba ce ga wanda kogin ne ya kawo shi, amma ya kamata ka san farashin kafin ka saya.

Abu na biyu shi ne ƙafa biyar ɗin nan taka. Chesapeake faɗi gare shi, ba zurfi ba. Matsakaicin zurfinsa kimanin ƙafa 21 ne, duk da akwai rami mai ƙafa 174 kusa da Bloody Point a kudancin tsibirin Kent. Za ka hangi ruwa shimfiɗe iyakar ganinka, alhali rabin mil daga gaɓa mutum zai iya tsayawa ruwan bai wuce ƙirjinsa ba. Saboda haka kowane gari ka sa a zuciya, buɗe taswirar ruwa ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ka bi hanyar shigarsa da yatsa, ka nemo lamba mafi ƙanƙanta a kan hanyar. Wannan lambar ita ce ƙofar garin. Ni ba na son shiga inda tazarar gindin jirgi da ƙasa ta gaza ƙafa ɗaya da rabi, musamman a jirgin haya.

Cikowa da janyewar ruwa a tsakiyar mashigin ba su da yawa, ƙafa ɗaya ne zuwa biyu. Iska ce ke yaudarar baƙo. In iskar arewa maso yamma ta kwana biyu tana kaɗawa da ƙarfi, sai ta kore ruwan zuwa teku, ka tarar ya gaza abin da jadawali ya faɗa. In ta kudu ce, sai ta tara shi. Na taɓa shiga wani lungu da yamma, na'urar auna zurfi na nuna ƙafa 7, muka jefa anka muka kwana. Cikin dare iska ta juya arewa. Da gari ya waye sai ga layin jiƙa a jikin turakun katakon bakin ruwa ya fi ruwan tsayi da kamu biyu, baƙar laka ta bayyana a gefe, zalɓe na takawa inda jiya kwale-kwale ya wuce. Muka jira har azahar kafin muka fita. Sa'ar da ake ci a nan ita ce ƙasan yawanci laka ce mai taushi, jirgi ya zauna a kanta ba ya fashewa. Amma rabin yini ya tafi, kuma da yara a ciki rabin yini ba kaɗan ba ne.

Abu na uku: ta wace fuska tashar garin take a buɗe? Da rani iska kan zo daga kudu, sau da yawa ba ƙarfi. Da la'asar kuwa hadari kan taso daga yamma ko arewa maso yamma, da tsawa da iska mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci kaɗan. Don haka ka sa wa kanka doka: tashi da sassafe, anka ta shiga ruwa ko igiya ta ɗauru kafin ƙarfe uku. Kuma kowane gari ka nufa, ka san wani lungu kusa da shi da za ka fake in wurin ya cika ko iska ta juya. Garin da ba shi da irin wannan maƙwabci, ba na kai iyali can a tafiyar farko.

In ka auna jerin naka da waɗannan, za ka ga inda nake so in kai ka. Ka tsallaka zuwa gaɓar gabas, ka yi makonka tsakanin kogin Miles da kogin Choptank. A duk mashigin ban san wani yanki da ya tara garuruwa da mafaka kusa da juna kamar wannan ba.

Rana ta farko, Annapolis zuwa St. Michaels, kimanin mil 25. Za ka wuce hasumiyar fitila ta Thomas Point Shoal, wadda ke tsaye bisa ƙafafun ƙarfe a cikin ruwa tun 1875, sannan ka yanke hanyar manyan jiragen dakon kaya masu zuwa Baltimore. Nan ka buɗe ido sosai. Suna da sauri fiye da yadda suke bayyana daga nesa, kuma ba za su iya kauce maka ba. Ka bar su su wuce, ka yanke hanyar kai tsaye ba a karkace ba. Daga nan ka zagaya Bloody Point, ka shiga Eastern Bay, ka gangara kogin Miles.

St. Michaels ya cika sharaɗin da na fi bai wa muhimmanci bayan zurfi da mafaka: kana sauka daga jirgi kana cikin gari. Mai jirgi ba shi da mota. Garin da kantin kayan abinci da wurin wanki suke mil uku daga bakin ruwa, a wurinka kamar babu su ne. A nan gidan tarihin harkokin ruwa na Chesapeake, wanda aka buɗe a 1965, yana bakin tashar. A harabarsa akwai hasumiyar fitila ta Hooper Strait ta 1879 da aka ɗauko aka dasa, yara na hawa su ga ɗakin da mai gadin fitila ke kwana, kuma akwai rumfar da ake gyaran jiragen katako a gaban idon mai kallo. Mutanen garin suna ba da labarin cewa a watan Agustan 1813, da sojojin ruwan Birtaniya suka kawo hari, an rataye fitilu a kan bishiyoyi don igwa ta wuce saman gidaje. Harin dai ya faru, zancen fitilun kuwa labarin gari ne. Abin da na fi so ka nuna wa yaranka shi ne wannan: a garin nan Frederick Douglass, fitaccen mai yaƙi da bauta a Amurka, wanda aka haifa bawa a gundumar Talbot a 1818, ya yi wani ɓangare na samartakarsa, kuma a 1836 shi da abokansa suka shirya gudu a kwale-kwale ta wannan ruwan da kuke kai. Asiri ya tonu aka kulle su a Easton. Sai a 1838 ya tsira daga Baltimore. Ruwan yana da wani nauyi na daban in mutum ya san haka.

Aibin St. Michaels ɗaya ne, kowa na sonsa. Daga Juma'a zuwa Lahadi da rani tashar kan cika maƙil. Ka daidaita tafiyarka ka isa ranar aiki, kuma in kana son wurin ɗaure jirgi ka kama tun da wuri. Da tsawon jirgi ake biya, kowace ƙafa da kuɗinta na dala, wuta kuma daban. Akwai kuma ƙofar baya da baƙi da yawa ba su sani ba: ta ɓangaren Choptank, ka shiga Broad Creek, ka haura San Domingo Creek, ka jefa anka a ruwa mai kwanciya, ka ɗauki ƙaramin kwale-kwale zuwa gaɓa, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ka shiga tsakiyar gari. Da ɗan gari akan ci gari. In kana so ka rage tafiya, kana iya barin kogin Miles gaba ɗaya ka ziyarci garin ta nan.

Daga Miles zuwa Choptank sai an fito an zagayo, kusan mil 30 zuwa Oxford, alhali ta ƙasa garuruwan biyu maƙwabta ne. A hanya za ka ga tsibirin Poplar. A 1847 ya haura eka 1,000, zuwa shekarun 1990 ruwa ya cinye shi saura 'yan eka kaɗan, sannan aka sake gina shi da lakar da ake yashewa daga hanyar jiragen Baltimore. Gaba kaɗan akwai yanke, wato Knapps Narrows, siririyar hanya da ta raba tsibirin Tilghman da gaɓa, da gada mai ɗagawa a tsakiya. Za ka kira mai gadar ta rediyon oba-oba na jirgi a tasha ta 13, ka faɗi sunan jirginka da inda ka fito, ya ɗaga maka. Ruwa na gudu a wurin, kuma yashi kan taru a bakin shiga. Da ƙafa biyar, ka tambayi kamfanin hayar halin da wurin ke ciki a wannan makon, ka bi lokacin da ruwa ke cikowa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, zagaya ta Blackwalnut Point a kudancin tsibirin. Ƙarin awa guda ne ko fiye kaɗan, kuma za ka hangi hasumiyar Sharps Island da ƙanƙara ta karkatar a 1977, tana tsaye a karkace inda a da akwai tsibiri mai gonaki, yanzu ruwa ne zalla.

Oxford shi ne garin da zan ce ka ba shi kwana biyu. Ƙarami ne ƙwarai, mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, titi guda mai inuwa, da yaduddukan gyaran jirage a Town Creek. Jirgin fiton da ke tsallaka kogin Tred Avon zuwa Bellevue asalinsa tun 1683. Babu hayaniya, kuma shi ya sa nake sonsa. Da asuba za ka ji injin masu kamun ƙaguwa suna fita tun duhu bai washe ba, mutum ɗaya a jirgi, yana bin doguwar igiyarsa mai ɗaure da koto a hankali, ƙaguwa na tasowa manne da koton, yana kwashe ta da ragar hannu ɗaya bayan ɗaya, ba ya kuskure. Yaranka za su tsaya kallon wannan fiye da kowane gidan tarihi. Wurin jefa anka a gaban garin a buɗe yake ga iskar arewa da kaɗawar jiragen da ke wucewa, amma ga Plaindealing Creek a tsallake, ga Trippe Creek a gaba kaɗan. Wannan shi ne maƙwabcin da na ce ka nema.

Daga Oxford zuwa Cambridge bai kai mil 15 ba, kuma a tsakani akwai La Trappe Creek, inda babu gari babu kanti, sai bishiyoyi da ɗan tudun yashi. Ka kwana ɗaya a irin wannan wuri, don garin gobe ya fi daɗi. Cambridge bai kai Oxford ƙawa ba, gari ne na masu aiki, tasharsa da zurfi, kuma a gundumarsa ta Dorchester aka haifi Harriet Tubman, matar da ta tsere daga bauta ta kuma riƙa dawowa tana kuɓutar da wasu bayi. Cibiyar tunawa da ita da aka buɗe a 2017 tana wajen gari, kusa da fadamar Blackwater, sai an nemi mota. Daga Choptank komawa Annapolis kimanin mil 30 ne daga Oxford. Ka yi wannan tafiyar kwana ɗaya kafin ranar mayar da jirgi, kada ka bar ta sai ranar.

Sauran na jerinka fa? Havre de Grace na da tsohuwar hasumiyar Concord Point ta 1827, amma gabansa fili ne na ruwa marar zurfi, hanya ɗaya siririya ake bi, kuma yana ƙarshen arewa. Ka haɗa shi wata shekara da Rock Hall da kogin Sassafras da Chestertown, su ma mako guda ne cif. Wannan zagayen na arewa ya fi dacewa da watan Yuli da Agusta saboda dalili ɗaya: ruwan can ba gishiri sosai, don haka ba a cika samun halittar nan mai kama da farar leda mai dogayen zare da ke harbin mai iyo ba. A Choptank da Miles kuwa tana cika ruwa in rani ya yi nisa, har yara su kasa shiga. In iyo na cikin abin da ya kawo ku, ku je a ƙarshen Mayu ko Yuni. In ba haka ba, Satumba da farkon Oktoba sun fi kowane lokaci iska mai kyau da sanyin dare, sai dai ka riƙa bin labarin guguwa, domin lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Guguwar Isabel ta Satumban 2003 ta shigar da ruwa har cikin titunan Annapolis.

Solomons tasha ce mai kyau a bakin kogin Patuxent, amma kimanin mil 45 ne daga Annapolis, kuma daga Herring Bay zuwa can za ka bi gefen gaɓar Calvert mai tsayi wadda kusan babu inda jirgi irin naka zai fake. In hadari ya taso a tsakiya, sai dai ka daure. Gaba da shi kuma akwai bakin kogin Potomac, inda mashigin ya kai faɗin mil 30 na ƙasa, kuma in iska ta yi karo da gudun ruwa, raƙuman ruwa kan tashi gajeru masu tsini, irin masu sa yaro ya tsani jirgi har abada. Ba na so tafiyar farko ta zama ta ƙarshe.

Tangier kam yana raina, kuma ina so ka je. Mutanensa ba su kai 500 ba, suna da karin harshen Turanci nasu na kansu, ba a sayar da giya a tsibirin, titunan kuma na ƙananan kekunan lantarki ne da kekuna. Kana shiga za ka bi ta tsakanin rumfunan katako da ke tsaye bisa turaku a cikin ruwa, inda ake ajiye ƙaguwa har ta saɓe. Tsibirin ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsa tun 1850, kuma ruwa bai daina ci ba. Amma gudun ruwa a mashigarsa da ƙarancin wurin ɗaure jirgi suna son hannun da ya goge. Bana ka tuƙa mota zuwa garin Crisfield a Maryland, ku hau jirgin fasinja, tafiyar kimanin mil 12. Baɗi ko bayanta, ka yi hayar jirgi daga Deltaville a Virginia, ka haɗa Tangier da Onancock da Urbanna da Cape Charles.

Saura 'yan abubuwa da za su same ka kowace rana. Tarkon ƙaguwa ko'ina yake: kowane ɗan goran roba da ka gani yana yawo, akwai igiya a ƙarƙashinsa, kuma in ta naɗe farfela inji ya tsaya. Ka ɗora babban yaronka a gaban jirgi ya zama mai nuna su, aiki ne da yara ke so. Alamomin hanya kuwa, a Amurka ja na hannun dama in kana shigowa daga babban ruwa zuwa kogi ko tasha, kore na hagu. A wurare irin Knapps Narrows da Kent Narrows (yanken da ke gefen tsibirin Kent) masu baki biyu, ka duba taswira ka ga ta wace fuska aka jera su, kada ka yi zato. Rediyonka ya zauna a tasha ta 16, ta kira da neman agaji. Dokar Maryland ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1972 sai da takardar shaidar kwas na kiyaye haɗari zai tuƙa jirgi mai inji, don haka ka ɗauko taka, kamfanin hayar ma zai tambayi tarihin tuƙinka. Yara su sa rigar kariya duk lokacin da suke saman jirgi, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. Tankin bayan gida ba a zubar da shi a ruwa, akwai famfon zuƙewa a yawancin tashoshi, ka tambaya tun kana kama wuri.

In a cikin makon nan kamfanin ya yarda, ka ɗauki gogaggen matuƙi ya raka ku rana ta farko kaɗai, ya tsallaka da ku hanyar manyan jirage, ya ga yadda kake jefa anka a laka, ya sauka a St. Michaels ya koma ta mota. Lakar nan tana riƙe anka sosai in ka saki sarƙa ninki biyar zuwa bakwai na zurfin, ka ja da baya da inji a hankali har ta kafe. Da safe kuma za ta fito da baƙar laka mai wari, don haka ka ajiye bokiti da buroshi a gaban jirgi kafin ka fara ja.